Ɓarawon Alayyafo

A wani gari da aka manta sunansa, an yi wata yarinya wadda ba ta iya zama wuri ɗaya. Wata rana kakarta ta ba ta alayyafo cike da kwando, ta ce ta dafa.

Ta zuba a tukunya, ta ruga kallon makaɗa. Da ta dawo, sai ta tarar alayyafon bai fi ludayi biyu ba.

"Wayyo, an yi mini sata!" in ji ta. Ta kori akuya, ta jefi kaza, ta shaƙe ƙanenta har ya yi kuka.

Kaka ta ciko wani kwandon, ta zuba a tukunya, ta ce, "Zauna nan, jikata. Kada ki motsa."

Ƙafafunta na ƙaiƙayi, amma ta zauna. Kiɗa na kiranta, amma ta zauna. A kan idonta ganyen ya yi laushi, ya ƙanƙance.

Kaka ta tsame shi a ɗan akushi, ta ɗora mata a hannu. Sai yarinyar ta ji nauyinsa daidai da na ganyen kwandon.

"To, wa ya sata?" in ji Kaka.

Yarinya ta rungumi akushin, ta tafi neman ƙanenta.