Fuskata a Bangon Tungar Makau

"Sahura! Zo ki gani, wallahi wagga ke ta!"

Munira ce, abokiyar aikina, ta fizgo hannuna har gaban wani tsohon shago.

Na ɗaga kai.

Fuskata ce a jikin bangon, an zana ta da fenti, har da ɗan tabon da ke gefen girata...

Da ma ban so zuwa ba. Malaman makarantarmu ne na Gummi suka shirya yawon buɗe ido zuwa Tungar Makau, ƙauyen da na girma lokacin da zinari ke tashe. A da, ƙarar injin niƙa dutse ba ta barin ka ji sallamar maƙwabci. Yanzu an cike ramukan, shagunan 'yan haƙo sun koma na masu rini, masu zanen ƙwarya da masaƙa, baƙi na ta ɗaukar hoto.

"Wa ya yi zanen ga?" na tambayi wata mai tabarmi.

"Zayyanu gurgu. Ga shi can ciki."

Zayyanu!

Baƙo ne da ya zo haƙar zinari daga Katsina, ya tafi da zuciyata tun ina budurwa. Har an fara maganar aurenmu gubar dalma daga ƙurar dutsen zinari ta shigo gari, ta ɗauke yara, ciki har da ƙanena Haladu. Ranar Inna ta rantse ba za ta haɗa jini da mai haƙo ba, muka kwashe muka koma Anka. Bature, ɗan kawuna, shi ke kai saƙo tsakaninmu, har ranar da ya zo ya ce Zayyanu ya tafi Mali ya yi aure.

Na yi kuka har na gaji. Bature ya yi ta lallashina, daga baya ni da kaina na amince na aure shi.

Na shiga shagon.

Yana zaune kan tabarma da buroshi a hannu, sanduna biyu jingine a gefensa. Ƙafarsa ta hagu babu ita daga gwiwa.

Ya ɗago. Buroshin ya faɗi.

"Hasken idona..." ya ce a hankali, sai ya yi saurin kama bakinsa.

"Yaushe ka dawo daga Mali?"

"Mali? Ban taɓa taka Mali ba, Sahura."

"Matarka fa?"

"Wace mata?"

Na matsa kusa da shi.

"Bayan tashinku rami ya rufta da ni," ya ce. "Ina kwance asibiti na roƙi Bature ya gaya miki. Ya dawo ya ce kin ce ba ki son ganin wanda ya kashe Haladu."

"Ni? Ni na faɗi haka? Wallahi ko labarin ban ji ba! Da na ji, da ko da rarrafe sai na zo!"

"Na yarda da ke."

"To mi ya hana ka nemo ni?"

Ya dubi inda ƙafarsa take a da.

"Da mi zan zo gaban Inna? Ta ƙi ni ina da ƙafa biyu."

Hawaye suka ɓalle mini. Na durƙusa gabansa, gyalena ya zame, idonsa ya sauka kan cikina da ya riga ya fito.

Ya kawar da kai.

"Wa kika aura?"

Na sunkuyar da kai.

"Bature."

Ya rufe ido. Na ga jijiyar wuyansa na motsi, na ga ya damƙe gefen tabarma har ta karye a hannunsa.

"Allah ya sauke ki lafiya," ya ce.

"Shi ke nan abin da za ka ce? Zayyanu, cutar mu anka yi! Zan sa ya sake ni..."

"Kul! Kada ki kashe aurenki da sunana. Ɗan ga da ke cikinki bai yi ma kowa ƙarya ba. Ke matar aure ce, ko zaman ga da muke yi bai halatta ba. Tashi ki tafi."

"Ka daina sona ke nan?"

"Da na iya dainawa, da tuni na huta."

Ya juya mini baya, kafaɗunsa na girgiza.

Munira ce ta ɗaga ni, ta gyara mini gyale, ta ja ni zuwa mota. Sauran malamai na ta nuna wa juna ƙore da zannuwan da suka saya, suna dariya.

Mun hau hanya ke nan wayata ta yi ƙara.

"Amaryata, ya yawo?" in ji Bature cikin fara'a. "Wane gari kunka ce za ku ma?"

"Tungar Makau."

Ban jira amsarsa ba.

"Na gan shi, Bature."

Na kashe wayar.

"Direba, ka sauke ni mararraba, zan nemi motar Anka."

"Ba Gummi za ki ba?" Munira ta tambaya.

"Wurin Inna za ni. Ita ta fara rantsuwa, ita za ta fara ji."

Ta riƙe hannuna gam. Na kifa kaina a kafaɗarta, na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar da aka binne Haladu.