Sandar Cif Ajibade

A baje kolin na'urori na unguwar Yaba da ke Legas Morenike ta fara ganin Dotun. Teburin kowa sai walƙiya yake, shi kuwa kujerar katako kawai ya kawo.

"Oga, layin kafintoci yana can gaba," ta ce.

"Zauna tukuna."

Tana zama fanka ta taso daga jikin kujerar a hankali, ba waya, ba maɓalli. Ya ce shi aikinsa ke nan, ƙera na'urar da ke ɓuya cikin kayan gida, ta yi hidima ba ta dami kowa ba. Wata uku bayan nan ya zama masoyinta.

Mahaifinta, Cif Ajibade, mutum ne da in ya sayi janareta sai unguwa ta sani. Da ta kai masa maganar, ya taɓe baki.

"Aikin da ba a gani? To ni ma auren da ba a gani zan ba shi."

Shi Gbenga yake so ta aura, ɗan abokinsa, wani cika-baki da ya cika musu falo da allunan talabijin da lasifika mai magana. Ko tari ka yi sai abin ya tanka. Wai ci gaba ke nan.

Kwana biyar Dotun bai kira ba. Ranta ya ɓaci, ta rubuta masa: "Ka yi shiru kamar kayanka. In ka haƙura da ni, faɗa min."

Ya amsa: "Ife mi, masoyiyata, in haƙura da ke in je ina? Wata sanda nake sassaƙa wa Babanki. Lokacin magani mariƙinta zai yi ɗumi. Kar ki ce daga ni take."

Ran Lahadi 'yan ƙungiyar garinsu suka taru a falon, ana cin amala. Cif na tsaka da kuri sai lasifikar Gbenga ta buɗe murya: "Cif, lokacin maganin yoyon fitsari ya yi."

Ciwon da ya shekara biyu yana ɓoyewa. Wata mata ta ƙware da miya. Gbenga, ko kunya babu, ya ce ai na'urar ta yi daidai.

Washegari Morenike ta miƙa wa mahaifinta sandar. Tun daga ranar, in mariƙin ya yi ɗumi sai ya tashi kamar zai duba direba, ya sha maganinsa ya dawo.

Bayan mako biyu ya kira ta.

"Wa ya yi sandar nan?"

"Dotun ne, Dadi."

"Ya san ciwona?"

"Tun bara. Ni na faɗa masa."

Kunya ta kama Cif.

"Ce masa ya turo iyayensa."

Ranar biki Dotun ya kwanta rub da ciki a gabansa yana roƙon aure, bisa al'adar Yarbawa. Cif ya sunkuya da kansa ya ɗago shi, ya raɗa masa: "Ka rufa min asiri, ɗana. Allah ya rufa naku, kai da 'yata."

Morenike na durƙushe a gefe, ta ji. Hawaye ya hana ta cewa amin da ƙarfi.