Toka a Cikin Hula

Insifekta bai gama kurɓar shayinsa ba aka kira shi: an sace na'urar auna hayaƙi daga saman bututun tashar lantarki mai aiki da kwal. Gobe kuma jami'an muhalli za su zo duba hayaƙin. In hayaƙin ya yi tsabta, tashar ta ci gaba har a gama kafa ta sola, in ba haka ba a rufe ta.

Ya ja ƙafa ya tafi tare da kofur ɗinsa, don shi ma abin ya shafe shi. Da aka sa wa tashar sabuwar matatar hayaƙi, aka yi ta shelar hayaƙi ya zama tarihi, sai ya ɗauko 'yarsa mai asma daga ƙauye wajen kakarta. Ga shi tarin ya dawo, shi da uwarta sun manta rabonsu da barci.

"Ranka ya daɗe, ko ƙuda bai wuce ta gabana ba," in ji mai gadin tashar.

"Barci fa?"

"To... ɗan gyangyaɗi, irin na ɗan Adam."

Ba a fasa kwaɗon ƙofar tsanin hawa bututun ba, da makulli aka buɗe. Insifekta ya hau da kansa, gwiwoyinsa na tsine masa. Ya sauko yana haki, wata toka mai laushi kamar hoda ta cika masa hula. A farfajiyar kwal kuwa ƙurar baƙa ce wuluk.

Babban injiniya ya tarbe shi a ofis cikin farar riga ƙal.

"Makullin yana hannunka?"

"Yana nan, amma rabona da hawa can tun bara. Ka binciki leburori. Hayaƙinmu ai tururi ne kawai."

"Miƙo min hularka ta aiki."

An goge bayanta tas. Insifekta ya kifa ta a kan tebur ya buga. Toka ta zubo daga cikin madaurin. Ya kifa tasa a gefe, irin tokar ta zubo.

"Wannan tururin naka da nauyi yake."

Injiniya ya zauna jagwab. "Matatar ta lalace tun watannin baya. Na nemi kayan gyara har na gaji. In suka auna, rufewa za su yi, ma'aikata su koma gida, asibiti ya zauna a duhu. Na'urar tana but ɗin motata."

"Mu da muke shaƙa fa?"

Insifekta ya so ya ji haushi, sai ya tarar gajiya ta riga ta cinye shi. Ya yi wa kofur alama, aka sa ankwa, aka fita da mutumin.

Kafin ya tada mota ya kira matarsa.

"Haɗa wa yarinyar nan kayanta. Yau za ta koma wajen Inna."