Dokin da Ya Yi Gaggawa

Me ke hana mutum ɓoye abin da ya sani, ko da ɓoyewar ce za ta cece shi? Har yau Sufeto, ɗan sandan da ya binciki wannan lamarin, bai da amsa.

Ranar wasan ƙarshe na gasar ches, wato darar Turawa mai 'ya'ya irin su sarki da doki, aka tsinci gawar Malam, tsohon mai koyar da wasan, a ɗakinsa na otal, ƙeyarsa a fashe. Kan teburi akwai allon ches, an fara wasa an bari. Sufeto bai iya ches ba, amma ya ɗauki hoton allon.

Ɗiyar Malam ce za ta kara da Gagarau, tsohon ɗalibinsa, a wasan ƙarshen. Sufeto ya nuna mata hoton.

"Wannan sabon buɗin wasa ne, Baba ya ƙirƙiro mini," in ji ta, idonta jawur. "Ya ce martani ɗaya ne kawai ke karya shi. Ko ni bai nuna wa ba."

Sufeto ya sami Gagarau yana shan shayi.

"Ka shiga ɗakin Malam?"

"Ni? Yallaɓai, tun da ya sallame ni ko gaisuwa ba ta haɗa mu."

"Za ka janye saboda rasuwar?"

"Ban taɓa kwantar da sarkina a allo na miƙa wuya ba, ba kuwa yau zan fara ba."

Alƙalin wasa ya so ɗage karawar. Ɗiyar ta ce a yi, Sufeto ma ya ce a yi.

Ta buɗe da dabarar mahaifinta. 'Yan kallo suka soma kus-kus. Gagarau ko numfashi bai ja ba, ya cilla doki gefen allo.

Alƙali ya raɗa wa Sufeto, "Ikon Allah! Wannan ai sai an kwana ana tunani."

Sufeto ya duba hoton. Dokin da ke allon Malam na nan a daidai gidan da Gagarau ya ajiye nasa. Ya matsa, ya ajiye hoton gaban Gagarau.

"Gwani, a ina ka koyi martanin da babu shi ko'ina sai ɗakin mamaci?"

Gagarau ya dubi dokin, ya ce:

"Leƙawa kawai na yi. Ya tarar da ni, ya ce har gobe ni ɓarawon basira ne. Na ture shi."

"Da ka ɗan yi jim, da ban kama ka ba."

"Na sani. Hannun ne ya ƙi jira."

Wani kofur ya fito da ankwa. Gagarau ya ce a ba shi dama kaɗan. Ya dubi ɗiyar Malam, ya sa yatsa, ya kwantar da sarkinsa.