Kaset a Cikin Kauda

Da hantsi aka kawo wa Sufeto Maharazu rahoto a ofishin 'yan sanda na Kura. An shiga ɗakin Alhaji Datti, dattijon nan mai tara kasakasan bidiyo na tsofaffin finafinan barkwanci.

Sufeto ya je ya duba. Talabijin na nan, bidiyo na nan. A kan kanta, gurbi ɗaya ne babu komai.

"Kaset ɗaya tak, Alhaji?"

"Wanda aka yi wasansa a gonakin Kadawa ne. Babu irinsa ko a Kano. 'Yan wasan duk sun riga mu gidan gaskiya."

"Wa ya taɓa neman aronsa?"

"Lukmanu, manomin tumatir a Bunkure. Na hana shi. Ko ɗana ba na ba wa."

Sufeto ya sami Lukmanu a bakin magudanar ruwa.

"Yallaɓai, rabona da Kura tun sallah."

"Bidiyon da ke ɗaure a babur ɗinka fa?"

"Aro ne."

"Me za ka kalla da shi?"

Idon Lukmanu na ta satar kallon tabarmar da ya shanya yankakken tumatir na kauda. Sufeto ya matsa. Ga baƙin kaset a tsakiyar jan tumatir, an buɗe cikinsa, rana ta ƙanƙance zaren.

Lukmanu ya durƙusa.

"Ni ne. Ina tsallaka ruwa ya suɓuce mini. Na ce in shanya shi yadda muke shanya komai."

"Me ya kai ka?"

"Marigayi babana yana ciki. Ba ɗan wasa ba ne. Ban ruwa yake a bayansu, suka ba shi dariya har ya yar da fartanya. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Inna ta ce ta fara manta dariyarsa."

Sufeto ya taɓa zaren, ya tsinke a hannunsa. Ya daɗe yana kallonsa. Shi ma ba shi da hoton nasa uban.

"Tashi mu je."

Bai sa masa ankwa ba. Hanyar motar ta bi ta ƙofar gidan su Lukmanu. Tsohuwar tana zaune a zaure, ta ɗaura sabon zane, ta sa kwalli.

"Lukmanu, an samo abin kallon?"

"Ina zuwa, Inna," in ji shi, bai ɗago kai ba.