Ragon Sunan Ɓawon Teku

A wani gari da teku ta taɓa rufewa tun duniya tana ɗanya, an yi wani malami mai wanke ƙasar rijiya, yana tsintar ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka zama dutse. Ƙa'idar aikin ita ce a duba baya, a duba ciki, a duba gefe, sannan a faɗi suna.

Wata rana ya duba bayan wani ɓawo a madubi mai ƙara girma, ya ga bai san shi ba. Ya ce wa matarsa, "Sabo ne, ni zan raɗa masa suna." Ya sayi rago, ya raba goro.

Ranar suna, jama'a na zaune a ƙofar gida, ya tuna bai juya ɓawon ba. Ya duba ciki, ya duba gefe. Ashe irin wanda aka daɗe da sani ne.

Da ya gaya wa matarsa, ta ce, "Malam, ka yi shiru mana, wa zai gani? Abin da kwarkwata ta fi shi girma?"

Ya ce, "Ni na gani."

Ya fita ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri, yaron da sunansa tun kafin a haifi kakana."

Aka watse. Ragon kuwa, tsufa ne ya kashe shi.