Wanda Ya Ɗauke Taragon Orville

Ƙarfe biyu saura na ranar Juma'a aka bugo waya ofishin 'yan sanda na garin Ansley, aka ce an yi sata a tsohuwar tashar jirgin ƙasa.

Sufeto Wendell Hruska ya dawo daga cin abincin rana ke nan, ya miƙe ƙafa yana kurɓar kofi. Shekara ashirin da shida yana aiki a wannan ɗan gari na jihar Ohio, kuma babu abin da ke masa daɗi kamar mako irin wannan, wanda babbar ƙarar da aka kawo a cikinsa ita ce ta karen da ya tone furannin maƙwabta.

"Me aka sace?" ya tambayi Sajan Lorna Tibbs, wadda ta ɗauki wayar.

"Tarago, Yallaɓai."

"Tarago? A kan me suka ja shi? Ai tun ina makaranta aka cire layin dogon."

"Ina jin a aljihu aka sa shi. Na Baba Orville ne."

Sufeto ya daina murmushi, ya ɗauki hularsa.

Tun da jirgi ya daina zuwa Ansley, ɗakin ajiyar kaya na tashar ya koma hannun ƙungiyar masu ƙera 'yan ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo. Yawancinsu dattawa ne, kuma ba wasa suka ɗauki abin ba. Tarago bai wuce tsawon tafin hannu ba, amma dole ya yi daidai da na gaske na zamanin jirgi mai gawayi: lambarsa, fentinsa, har yawan ƙusoshin ƙofarsa. Washegari ne gasarsu ta shekara, ana jiran baƙi daga jihohi uku.

Sun tarar da Orville Deitz zaune gaban wani akwatin katako da ba komai a ciki. Tsohon ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne, ɗan shekara saba'in da shida.

"Sannu, Baba. Yaushe rabonka da ganinsa?"

"Sha biyu saura kwata. Na rufe akwatin, muka tafi cin miyar wake gidan abincin Dot. Ƙarfe ɗaya da muka dawo, wayam." Ya ɗaga hannayensa, suna ɗan rawa. "Shekara shida na yi a kansa, Wendell. Hannun nan ba zai sake ba ni wani ba."

"Wa ya taɓa ganinsa?"

"Ba kowa. Ko matata ba ta gan shi da fenti ba. Gobe na so in buɗe."

"Shi kaɗai aka ɗauka?"

"Da wani guntun katako. Na yanko shi ne daga akurkin kajin gidan gonar su Hulda Brenneman. Akurkin nan gangar jikin tsohon taragon kamfanin jirgin ƙasa na Kwarin Tolliver ne. Shi ne hujjata a kan launi."

Sufeto ya zagaya ɗakin a hankali. Ba a fasa kwaɗo ba, ba a taɓa taga ba. A teburin da ke kusa ga kawunan jirage na tagulla guda biyar, kowanne ya haura dala dubu, ba wanda ya matsa daga inda yake. Ya leƙa cikin akwatin. Har audugar da aka shimfiɗa wa taragon an tafi da ita.

"Ɓarawon nan yana tsoron kada kayan su ƙuje," in ji shi. "Mutum nawa ke da makulli?"

"Uku. Ni, da Maxine sakatariyarmu, da shugabanmu Delbert."

"Sun ci abinci tare da ku?"

"Maxine ta koma shagonta. Delbert kuma ya ce yana da ganin likitan haƙori." Orville ya ɗago kai. "Kada ma ka fara. Shekara arba'in muna tare da mutanen nan."

Shagon Maxine Pohl na kan babban titi, cike da kwalaben fenti da gam da sililin katako. Mijinta ya rasu ya bar mata shi, ita kuma ta fi shi iya ƙira, sau uku tana cin gasar.

"Daga tasha kai tsaye nan na zo," ta ce, tana jera kwalabe ba ta dube shi ba. "Ban fita ba sai da aka kira ni."

"Ikon Allah," in ji Sufeto. "To wace ce ta rataya takardar 'Ina Dawowa' a ƙofarki? Ina tsallaken titi ina cin kek ɗin tuffa, tun sha biyu da minti biyar nake kallon takardar nan."

Ta dire kwalbar da ke hannunta.

"Kai dai, Wendell, ba ka da aiki sai sa ido. To, na koma. Leƙawa kawai na yi. Shekara shida mutum yana mana yanga da akwati a rufe, ai ko waye zai so ya gani."

"Kin gani?"

"Na gani, na mayar da murfi. Wallahi ko yatsa ban sa masa ba. Sai na ji ana murɗa makulli a ƙofar baya, na fice ta gaba da sauri."

"Ƙarfe nawa?"

"Sha biyu da ashirin, ko kusa."

"Ya yi kyau?"

Ta yi ajiyar zuciya. "Ya kayar da nawa, ba ma kusa ba. Amma ba kyan ne ya tsayar min da numfashi ba. Kore ne."

"To sai me in kore ne?"

Ta miƙa hannu kan kanta, ta zaro wani siririn littafi ta ajiye masa. Tarihin taragun Kwarin Tolliver ne, da sunan Delbert Kuhlman a bango.

"Shafi na sha tara. Ya ce ja ne irin na bulo, dukansu. Hotunan wancan zamani ba su da launi, don haka maganarsa kowa ya bi. Shekara talatin duk wanda ya ƙera taragon kamfanin nan, daga nan har bakin teku, ja yake shafa masa. Delbert ne alƙalin gasarmu, ya sha kayar da mutane saboda jan nasu bai kai ba. Mutum ne da in ya ga kuskure sai ya faɗa, ko a wurin jana'iza ne."

Sufeto ya sayi littafin, ya sa a aljihu.

Gonar su Hulda Brenneman tafiyar minti ashirin ce. Kaka ta shigo, an gama girbin masara, ganyaye sun yi ja da rawaya a gefen hanya. Sajan Lorna na tuƙi, Sufeto ya sauke gilashi yana shan iska.

Akurkin na bayan rumbu, dogo, ba ƙafafu, rana da ruwan sama sun cinye fentin waje tas. Hulda, wata kakkaurar mata cikin takalman roba, ta kai su ciki ta nuna musu inda aka ƙara wani allo a bango tun zamanin kakan mijinta. A nan Orville ya ɓamɓare ya yanki guntunsa. Fentin da allon ya rufe yana nan, kore mai duhu.

Kusa da wurin akwai wasu kankare-kankare guda uku, sababbi.

"Wannan ma Baba Orville ne?"

"A'a, wannan na wancan ne, wanda ya zo ranar Talata. Ya ce ya ji labari wurin mijina a kasuwa. Ya fito da 'yar wuƙa ya kankara nan, ya kankara can, ya duba da madubin ƙara girma. Daga nan ya koma mota ya zauna. Ya fi rabin awa bai tayar ba. Har na kai masa ruwa, na ɗauka ciwo ne."

"Ya faɗi sunansa?"

"Bai faɗa ba."

"Yaya kamanninsa?"

"Tsoho, farin gashi, da tabarau."

Sajan Lorna ta tuntsire da dariya. "Kin kwatanta mana ƙungiyar gaba ɗaya, Inna."

"To, ya dai gyara min magana. Na ce masa akurkin ya shekara ɗari, ya ce a'a, casa'in da bakwai."

Suka fito da ƙwai goma sha biyu da Hulda ta tilasta musu karɓa. A mota Sajan ta buga wa asibitin haƙori waya. Aka ce Mista Kuhlman ya zo da gaske, amma sha biyu saura ashirin ya fita.

"Mu nemi takardar izinin bincike?" ta tambaya.

"Alƙali ya tafi kamun kifi sai Litinin, gasa kuma gobe ce. Bari dai mu je mu gaishe shi."

Delbert Kuhlman tsohon malamin tarihi ne, dogo, rigarsa a goge ko a gida. Ya kai su ɗakin ƙasa inda yake aiki. Taragu sun fi ɗari biyu jere a bango cikin gilashi, mafi yawansu ja irin na bulo.

"Abin takaici ne," in ji shi. "Ina kan kujerar likita har ƙarfe ɗaya, sai daga baya na ji."

"Ka taɓa ganin taragon?"

"Ina fa? Orville ya ɓoye shi kamar dukiyar gado."

Sufeto bai yi maganar likita ba. Ya zauna, ya ɗora hula a gwiwa, ya buɗe ɗan littafin rubutunsa kamar mai neman taimako.

"Malam, rahoto zan rubuta, ni kuwa ban san kan abin nan ba. Maxine ta amsa cewa ta leƙa shi. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin aiki irinsa ba."

"Orville yana da hannu, ba laifi."

"Ta ce babu kuskure ko ɗaya a jikinsa."

Delbert ya gyara tabarau. "Maxine ba alƙaliya ba ce."

"Haka ne. Amma ta rantse ko kai ka duba ba za ka samu ba. Ta ce ya wuce duk abin da ke bangon nan." Sufeto ya fara rubutu yana karantawa a fili. "Tarago ɗaya, cikakke, wanda ya yi daidai da na gaske ƙusa da ƙusa, babu aibi ko..."

"Arba'in da ɗaya!"

Sufeto ya ɗaga biro.

"Ƙusa arba'in da ɗaya ya sa a ƙofar hagu! Arba'in da biyu ne a zanen kamfani, kowa ya sani. Ya tsallake ɗaya a layin ƙasa, sau uku ina ƙirgawa..."

Maganar ta maƙale masa.

"A ina ka ƙirga, Malam?" Sufeto ya tambaya a hankali. "A kan kujerar likita?"

Delbert ya cire tabarau, ya je ya buɗe aljihun tebur na ƙasa, ya fito da wani kwalin takalmi da hannu biyu. Ga taragon kwance cikin audugarsa, kore mai duhu, da fararen haruffa ƙanana kamar ƙwayar gero. Ko ƙujewa bai yi ba. Guntun katakon na gefensa.

"Na yi niyyar jefa katakon a murhu," in ji shi. "Na buɗe murfin ma. Na kasa. Hujja ce, ni kuwa malamin tarihi ne. Wani tsohon mai gadin tasha ne ya ce min ja ne, shekara talatin da uku da suka wuce, ban bincika ba na rubuta. Gobe a gaban mutanen jihohi uku, ni ne alƙali, ni zan ɗaga shi in duba. Na ce ko mako ɗaya in samu, in san yadda zan faɗa da bakina."

"Da ka roƙe shi mako ɗayan, ai da ya ba ka."

"Na sani. Shi ya sa na kasa roƙa."

Sajan Lorna ta buga wa Orville waya ya zo ya shaida kayansa. Cikin minti goma ya iso. Ya sunkuya kan kwalin ya duba ƙafafun, ya duba matakala, ya duba rufin, sannan ya sauke numfashi ya zauna a kan matattakala.

"Ka ci amanata, Del."

"Na ci."

"Amma ka iya ɗauka, ba ka ƙuje shi ba. Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan." Ya juya ga Sufeto. "Wendell, ba a bar maganar nan a nan ba?"

"An riga an shigar da ƙara, Baba. Dole ya bi mu ya ba da bayani a rubuce. Abin da za ka gaya wa lauyan gwamnati ranar Litinin kuma, wannan naka ne. Taragon dai za mu ɗauki hotonsa ka tafi da abinka, ka samu gasarka."

Sajan ta taɓa ankwar da ke ƙugunta, Sufeto ya girgiza mata kai. Delbert ya ɗauki kwat ɗinsa, ya ɓalle maɓallai har wuya, ya zaro makullin tasha daga aljihu ya ajiye a tafin hannun Orville.

"Ka ba Maxine, ita za ta yi alƙalanci. Ka kuma ƙara ƙusar nan kafin safiya, tana da ido."

"Hannuna ba zai iya ba."

"To ka bar ƙusar haka. Ba za ta hana ka ci ba."

Suka hau sama. Rana ta yi sanyi, maƙwabci na share ganye a ƙofar gidansa, ya ɗaga musu hannu, Sufeto ya amsa. Ya buɗe wa Delbert ƙofar baya, ya matsar da ƙwan Hulda gefe don ya samu wurin zama.

Sajan ta tayar da mota. Orville na tsaye a bakin hanya rungume da kwalin. Delbert ya ƙwanƙwasa gilashi, aka sauke masa.

"Orville! In sun tambaya gobe, ka ce ni na faɗa. Kore ne."

Sufeto ya gyara zama, ya ce wa Sajan su tafi.